Ɗana yana ƙirga da yatsu, mahaifinsa na ganin daƙiƙi ne

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, kuma babban ɗana, wanda shekararsa 7 yana aji biyu na firamare, shi ne dalilin wannan wasiƙa. Karatunsa ba laifi, yana karanta Hausa da Turanci daidai gwargwado, a Islamiyya ma ana yabon haddarsa, amma lissafi ya zame mana fitina a gida. Duk abin da aka tambaye shi sai ya ƙirga da yatsu, idan yatsun suka ƙare ya koma zana layuka a takarda. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, da ka yake lissafinsa, ban taɓa ganinsa da kalkuleta ba. Kullum bayan sallar isha'i sai ya zaunar da yaron, ya ce ya mayar da hannuwansa baya, ya dinga jero masa tambayoyi, idan ya yi jinkiri a daka masa tsawa, wani lokaci har da ranƙwashi. Yakan ce 'yar maƙwabtanmu mai tallar awara ba ta girme shi da wani abin kirki ba, amma ba ta taɓa ɓata canji. Malamar ajinsu ita ma ta hana ƙirga da yatsu, ta ba su jadawalin sau su haddace. Yanzu da yaron ya ji ƙarar babur ɗin babansa sai ya shige ɗaki, ranar da suke da lissafi kuma ya ce cikinsa na ciwo, har abin da ya iya da rana a gabana da dare sai ya ɓace masa. Ni kuwa tun ina makaranta ban iya lissafi ba, surukata ma ta taɓa cewa ni ya gado. Maigidan yana so ya sa shi darasin abakus na ƙarshen mako, inda ake koya wa yara lissafi da wani ɗan allo mai ƙwallaye a jere kamar carbi, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Shin ɗana yana da matsala a ƙwaƙwalwa ne, kuma yaya zan yi ba tare da na ɓata tsakanina da mijina ba?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a karo na biyu na tsaya a inda kika ce abin da yaron ya iya da rana a gabanki da dare sai ya ɓace masa, domin amsar tambayarki ta farko tana nan. Ƙwaƙwalwar da ta riƙe surori har malamai suna yabo, ta kuma iya karanta harsuna biyu, ba ta lalacewa tsakanin la'asar da isha'i. Abin da ke sauyawa shi ne mai tambayar da kuma yanayin da ake tambayar a ciki. Lissafi da ka ya dogara ne da wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa inda mutum ke riƙe lambobi na ɗan lokaci yana juya su, kuma wurin nan ko ga babba bai fi ɗan faifai ba, abu kaɗan yake ɗauka. Yaron da ke haɗa 8 da 5 dole ya riƙe takwas ɗin, ya riƙe biyar ɗin, ya kuma riƙe inda ya tsaya a ƙirga. Idan a lokaci guda idonsa na kan hannun babansa yana auna ta inda ranƙwashi zai sauko, to tsoro ya riga ya cinye rabin faifan, lambobin kuma sai su zube. Ciwon cikin safiya ma kada ki ɗauke shi ƙarya, ruwa ba ya tsami banza, fargaba tana murɗa cikin yaro da gaske.

Game da yatsu kuwa, ki kwantar da hankalinki, domin da rarrafe yaro kan tashi. Ɗan shekara 7 da ke ƙirga da yatsu yana kan hanya, kuma abin lura shi ne yadda yake amfani da su. Ki ce ya haɗa 6 da 3, ki yi shiru ki kalli hannunsa. Idan ya miƙe yatsu shida, ya miƙe uku, sannan ya koma ya faro daga ɗaya, yana matakin farko. Idan ya riƙe shida a bakinsa ya ɗaga yatsu uku yana cewa bakwai, takwas, tara, ya haura mataki na biyu. Idan kuma kika ce masa 3 da 6 ya juya su da kansa ya faro daga shida saboda ta fi girma, to wannan yaro ya fara neman gajeriyar hanya, wadda ita ce tushen lissafi da ka. Yatsun za su sauka da kansu ranar da ya sami dabarar da ta fi su sauƙi, mayar masa da hannu baya kafin wannan rana kuwa kamar janye wa mai koyon tafiya bangon da yake dafawa ne. Yawancin yaran da aka hana ba sa dainawa, a ɓoye suke ci gaba, wani a ƙarƙashin benci, wani da gyaɗa kai, wani da yatsun ƙafa a cikin takalmi. Batun jadawalin sau shi ma da sauran lokaci. A Ingila, inda tun 2022 aka wajabta jarrabawar jadawalin ga 'yan firamare, sai yaro ya kai shekara 8 zuwa 9 ake gwada shi har zuwa 12 sau 12, sa'o'in ɗanki kuwa gidan 2 da na 5 da na 10 ake nema su sani.

Yanzu bari mu yi wa maigidanki adalci. Mutumin da ya wuni a kasuwa ya dawo a gajiye, maimakon ya kwanta ya zauna kullum da ɗansa a kan karatu, ba uban banza ba ne, kuma abin da yake nema wa yaron abu ne mai kyau. Yaron da ya iya lissafi da ka yana koyon riƙe abubuwa da yawa a zuciya lokaci guda, yana koyon farfasa babbar matsala zuwa ƙanana, yana kuma samun wani ma'auni a ransa da zai ce masa wannan amsar ba ta yi kama da gaskiya ba, abin da mai dogaro da kalkuleta kaɗai ba ya samu idan yatsansa ya zame ya danna sifili fiye da kima. Inda na saɓa da maigidan shi ne hanyar. Mai yiwuwa shi ma da bulala aka yi masa lissafin safe a firamare, don haka yake ganin ita ta koya masa, alhali shekarun da ya yi a bakin shago ne suka koya masa. Idan aka ce masa yadi 18 a kan naira 2,500, ba ya jera lambobi a kansa kamar a allo, ina kyautata zaton yadi 20 yake fara lissafawa ya sami dubu hamsin, sannan ya cire kuɗin yadi biyu ya ce dubu arba'in da biyar. Ya daɗe yana yin haka har ya manta cewa dabara ce, ya ɗauka kaifin kai ne kawai. Matsalar zaman bayan isha'i ita ce jarrabawa ake yi kullum ba tare da darasi ba, ana tambayar yaro amsa, ba a taɓa nuna masa hanyar da babansa ke bi ya iso gare ta ba.

'Yar tallar awara da ake yi masa gori da ita ta cancanci a tsaya a kanta. Kwanakin baya na sayi gyaɗar naira 350 a wurin wata yarinya a bakin titi, na miƙa mata dubu. Ba ta ɗebe komai daga komai ba. Ta ɗora mini naira hamsin a tafin hannu ta ce ɗari huɗu, ta ɗora ɗari ta ce ɗari biyar, ta ɗora ɗari biyar ta ce dubu, ta juya ga mai saye na gaba. Hawa ta yi daga kuɗin kaya zuwa kuɗin da na ba ta, tana tsayawa a kan lambobi masu sauƙin riƙewa, kuma tana yin haka sau da yawa a yini da kuɗi na gaske a hannunta. Wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil sun wallafa irin wannan a 1985. Sun sayi kaya a wurin yara masu talla, yaran suka amsa kusan duk lissafin cinikin daidai, amma da aka rubuta musu lambobin nan a takarda irin na makaranta sai suka kasa cin ko rabi. Ɗaya daga cikinsu an tambaye shi kuɗin kwakwa huɗu a kan 35 kowace ɗaya, ya ce uku 105, da ƙarin ɗaya 140, amma da aka ba shi 35 sau 4 a rubuce sai ya samo 200. Wani bincike mafi girma da aka wallafa a 2025, a kan yara fiye da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya, ya sake gano haka, ya kuma nuna cewa 'yan makaranta da ba su saba ciniki ba su ma suna tuntuɓe idan aka kawo musu lissafin kasuwa. Saboda haka yarinyar maƙwabtanku ba ta fi ɗanki kai ba, ta fi shi taɓa lambobi da hannu ne, shi kuma yana da abin da watakila ita ba ta samu ba. Aikinku shi ne ku haɗa masa biyun, ba sai an ɗora masa faranti a kai ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne babbar dabarar lissafi da ka tana cikin harshenmu tun kaka da kakanni. Bahaushe yakan ce ashirin babu biyu a maimakon goma sha takwas, ya ce talatin babu ɗaya, ya ce ɗari ba biyar. Wanda ya saba jin 18 a matsayin ashirin babu biyu, idan aka ce ya ƙara mata 7 ba zai wahala ba, zai ce ashirin da bakwai, a cire biyun nan, ashirin da biyar. Wannan ita ce dabarar da maigidanki ke yi da yadinsa, kuma yaran da aka fara musu ƙirga da Turanci kawai ba sa jin ta. Don haka ki bar ɗanki ya yi tunanin lissafi da Hausa a gida, daga baya ya faɗi amsar da kowane harshe makaranta ke so. A nan ne ma nake ganin surukarki za ta yi amfani. Tsofaffinmu da suka ga sauyin kuɗi a 1973, lokacin da fam ɗaya ya zama naira biyu, har yau wasunsu da fam da jaka suke lissafi, su ce jaka biyar suna nufin naira dubu, kuma ninkawa ce suke yi a ka ba tare da sun kira ta da suna ba, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke ninka kowane farashi da biyar saboda da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa a wurinsu sefa biyar ce. Ki roƙi Hajiya ta koya wa jikanta ƙirga irin ta da. Kakar da aka ba ta aiki a kan karatun jikanta da wuya ta ci gaba da neman wanda ya gado.

Ga abin da za ki fara da shi, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Ki tara ƙwallayen dabino ko marafan kwalba guda goma, ki zuba a kan faifai ya ƙirga ya tabbatar goma ne, sannan ki ce ya rufe ido ki kife kofi a kan wasu. Idan ya buɗe ido ya ga shida, ki tambaye shi nawa ne suka ɓuya. Da farko zai ƙirga, ki bar shi, ki ɗaga kofin ya gani da idonsa, sannan ku yi musaya shi ya ɓoye ke ki cinka, wani lokaci ki yi kuskure da gangan ya kama ki, domin babu abin da ke faranta wa yaro rai kamar ya gyara wa babba. Manufar ita ce ya san abokan goma kamar yadda ya san sunayen ƙannensa: ɗaya da tara, biyu da takwas, uku da bakwai, huɗu da shida, biyar da biyar. Kada ki yi gaggawar wuce wannan mataki ko zai ɗauki mako uku, domin duk abin da ke gaba a kansa aka gina shi. Makarantun Singafo, waɗanda suka yi suna a duniya wajen lissafi, da irin wannan suke farawa, abin taɓawa da hannu tukuna, sai zane, sannan lamba a rubuce.

Idan abokan goma suka zauna masa, sai ku shiga cika goma. Ki ajiye takwas a gefe ɗaya, biyar a ɗaya gefen, ki ce masa takwas tana neman nawa ta cika goma. Zai ce biyu, sai ya ɗauko biyun da hannunsa daga cikin biyar, ya ga saura uku, ya ga goma da uku a gabansa. Ranar da ya yi wannan ba tare da ƙwallayen ba, ranar ya fara lissafi da ka. Daga nan sai tagwaye, wato uku da uku, shida da shida, bakwai da bakwai, waɗanda yara ke saurin riƙewa, da maƙwabtansu, ta yadda 6 da 7 za su zama shida biyu da ƙarin ɗaya. Sauran kuma gidanki cike yake da su. Kiret ɗin ƙwai layi biyar ne na shida-shida, idan ya juya shi ya zama layi shida na biyar-biyar, ƙwai dai 30 ne, kuma da wannan juyin kaɗai zai gane cewa 5 sau 6 da 6 sau 5 abu ɗaya ne, wanda ya rage masa kusan rabin haddar jadawali. Carbi yana da 33 sau uku, ya nemo nawa ya rage a cika ɗari. Raka'o'in farilla na yini ya tara su da kansa ya ga ko zai iso 17. Idan za ki aike shi sayen ƙosai, ki tambaye shi tun a gida canjin nawa zai dawo da shi, idan za ki raba musu lemo ko dabino shi da ƙannensa ki ba shi rabon ya yi.

Minti goma a rana ya isa, kuma ki tashi tun yana so a ci gaba. Amma akwai tambaya ɗaya da nake so ta zama al'adarki, ko amsarsa daidai ce ko kuskure: yaya ka yi ka samu? Wannan tambayar ita ce ke mayar da lissafi ya zama horon tunani, domin tana tilasta wa yaro ya waiwayi hanyar da ya bi ya faɗe ta da baki, kuma sau da yawa a tsakiyar bayanin zai tsaya ya ce a'a, ba haka ba ne, ya gyara da kansa. Idan ya gama ki ce ke kuma ga ta inda kika bi, ku duba wacce ta fi sauƙi. Ki kuma saba masa da kintace kafin lissafi, kamar ki ce 48 da 31 za su kai ɗari ko ba za su kai ba. Sauri kada ki neme shi yanzu ko kaɗan, zai zo da kansa idan hanyoyin suka zama jiki.

Sai batunki ke kanki, 'yar'uwa, da wannan magana ta cewa ba ki iya lissafi ba. Matar da ke raba kuɗin cefane ya kai ƙarshen mako, ta san ranar kwasar adashinta da abin da zai shigo, ta kuma san yawan shinkafar da za ta auna idan baƙi uku suka ƙaru, ta iya duk lissafin da ɗan aji biyu ke buƙata. Abin da kika baro a makaranta tsoro ne, kuma shi ne nake so kada ya wuce ta bakinki zuwa kunnen yaron. Masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun wallafa a 2015 cewa 'yan aji ɗaya da aji biyu da iyayensu ke fargabar lissafi sun fi samun koma baya, amma hakan ya bayyana ne a inda iyayen ke yawan zama da su a kan aikin gida. Wannan yana nuna cewa a wurin zaman ne fargabar ke tsallakawa, ta hanyar tsaki da ɓata fuska da kalmomi irin su ni ma haka na sha wuya. Ba ina nufin ki janye ba ne. Ki daina faɗin wannan jimla a gabansa daga yau, idan kuma aikin gida ya zo da abin da ya shige miki duhu, ki ce masa bari mu gwada tare mu gani.

Maganar maigida ita ce mafi nauyi, kuma kin yi daidai da kika ƙi yin musu da shi a gaban yara. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ki fara da gode masa a kan zaman da yake yi, sannan ki gaya masa abin da watakila bai sani ba, cewa ɗansa yana ɓuya idan ya ji ƙarar babur ɗinsa. Ki faɗa a hankali ba da zargi ba, domin uba kaɗan ne zai ji wannan bai ji ciwo a ransa ba. Idan ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ki yarda, ki ƙara da cewa ɗanyen ma idan aka matsa masa karyewa yake. Kina iya tuna masa cewa salla, wadda ta fi lissafi daraja nesa ba kusa ba, umarni kawai aka ce a yi wa ɗan shekara bakwai a kanta, ba a yi maganar horo ba sai ya kai goma. Daga nan kada ki nemi ya daina zaman, ki nemi ya sauya shi na tsawon mako shida a gwada, ba tsawa, ba ranƙwashi, hannuwa a gaba. Ki roƙe shi ya koya wa yaron sirrin kasuwa, ya buɗe shagon wasa a tsakar gida da 'yan ƙyallaye da ƙananan takardun kuɗi, yaron ya zama mai shago, baban ya zo saye yana taya kaya yana neman ragi, yana kuma faɗin lissafinsa a fili domin yaron ya ji yadda ake hawa zuwa ashirin a sauko. Idan ya iya dara ya koya masa, domin wasan da kowa ke da 'ya'ya 12 yana neman jera uku yana hango motsin abokin karawa horo ne babba ga tunani. Idan kuwa ya ƙi saurararki, kada ki mayar da abin rigima, ki bi ta wurin wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko malaminsa, kuma ko ba a sami komai ba a samu a cire duka a kuma dawo da zaman kafin barci ya kama yaron, domin ɗan shekara 7 da ya yi boko da Islamiyya a yini ɗaya ba shi da sauran ƙarfi bayan isha'i.

Malamar ajinsu ki je ki same ta da girmamawa, ki tuna cewa mai fama da aji cike da yara tana da manhajar da ake bin ta bashin gamawa. Ki gaya mata abin da kuke yi a gida, ki roƙe ta ta ƙyale shi da yatsunsa zuwa ƙarshen zango, kada kuma ta tsayar da shi a gaban aji don tambayar gaggawa a wannan tsakanin. Haddar jadawali ba laifi ba ce, yaron da ke haddace surori zai haddace shi, amma ki tabbata kowane gida da ya rera ya taɓa jera shi da ƙwallaye ya gani.

Darasin abakus kuwa, shawarata a dakata. Yana da amfani na gaske, domin wani bincike na shekara uku da aka yi da yara kimanin 200 a garin Vadodara na Indiya ya nuna cewa waɗanda aka koya wa sun fi takwarorinsu iya tarawa da ɗebewa da makamantansu. Sai dai binciken bai ga wani ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa a sauran fannoni ba, saɓanin abin da masu tallar darasin kan yi alkawari. Irin waɗannan azuzuwa kuma galibi da agogo da gasa ake yin su, wanda shi ne abin da ɗanki ya fi tsoro a yanzu. Idan bayan wata shida ya saki jiki da lambobi, kuɗin kuma ba zai taɓa cefane ba, a kai shi ya gwada ya ga ko yana so.

Akwai alamun da idan kin gan su bayan wata uku ana wannan wasa cikin natsuwa, ya kamata a nemi ƙwararre. Idan har lokacin ba ya iya faɗin wacce ta fi girma tsakanin 7 da 9 sai ya ƙirga, ko ba ya gane abu uku a kallo ɗaya, ko abokan goma suna goge masa kullum kamar ba a taɓa yi ba, to akwai wata wahalar koyon lissafi ta musamman da ke samun yara kaɗan, wadda ba daƙiƙanci ba ce kuma ana taimaka wa mai ita. Kafin nan ma ba laifi a duba idonsa da kunnensa a asibiti, a tabbatar yana karya kumallo, ciwon cikin kuma idan yana zuwa har a ranakun hutu a nuna wa likita.

Akwai wani ɗan wasa da nake so ki ajiye wa uban da ɗan su yi tare idan zaman ya fara daɗi. Ki zana gida tara, uku a tsaye uku a kwance, su jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Wani malamin lissafi Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani, ya rubuta littafi da Larabci a kan irin wannan hatimi a 1732, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Kada ki gaya musu cewa 5 ce ke zama a tsakiya, ki bar maigidan ya gwada ya goge ya sake gwadawa yaron yana kallo, ke kuma ki kawo musu shayi. Ki sake rubuto mini bayan mako shidan, ki gaya mini ta wace hanya ɗanki yake haɗa 8 da 5.